Facin Da Auta Ya Yi A Ɓoye

A dangi kaf Auta ake kiransa, har yanzu da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Mutum ɗaya ce ta daina, kuma ita ce ta fi kowa haƙƙin kiransa haka.

Yana ƙaramin yaro mahaifiyarsu ta rasu, yayarsa ta ɗauke shi, ita da a lokacin take koyon aikin gwajin jini. Ita ta yi masa wanka, ita ta zane shi in ya yi rashin ji, ita ta sayo masa kwamfutarsa ta farko, wata tsohuwa mai ƙugi kamar injin niƙa. Ya kwance ta ya mayar sau ba adadi, Yaya tana faɗa tana ƙarawa, amma ba ta taɓa ƙwace ta ba. Da ya girma ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai sayar da tikitin mota ta intanet, a saman wani shagon kujeru, inda ƙamshin fenti ke hawowa ta taga tun safe. Ya yi aure, ya haifi yara biyu. In ka gan shi a titi da jakarsa ta goyo da gilashinsa mai ɗaurin zare a gefe, ba za ka sake kallonsa ba.

To amma wannan bawan Allah, shafukan intanet dubbai a duniya a kan aikinsa suke tsaye, kuma masu su ba su san da zamansa ba.

Ga yadda abin yake. Duk sanda ka danna wani abu a shafi, wayarka tana aika buƙata zuwa na'urar da shafin yake zaune a kai. Kafin a ba ka amsa, dole wani abu ya karɓi buƙatar nan, ya duba tsawonta, ya gane inda ta fara da inda ta ƙare, sannan ya miƙa ta ciki. Wannan ɗan ɓangaren, masu sana'ar suna ce masa laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a cikinsa. Wani dattijo a wata ƙasa ne ya rubuta shi ya saka kyauta, sai wata babbar manhaja da ake gina shafuka a kanta ta ɗauka ta dasa a cikinta. Auta ya taɓa ganin kuskure a ciki ya gyara ya aika. Ya sake, ya sake. Ran nan dattijon ya rubuto masa cewa idonsa ya yi rauni, ga makullai, Allah ya taimaka. Auta ya dawo gida baki har kunne.

Matarsa ta saurare shi tsaf, sannan ta ce, "To sannu da gado. Wasu ana bar musu gida, kai an bar maka aiki."

Ta yi gaskiya. Tun daga ranar bai sake sanin hutun ƙarshen mako ba. Manyan kamfanoni masu benaye da motoci su rubuto masa kamar wani ɗan aikensu: wannan ya lalace, yaushe za ka gyara, mun gaji da jira. Kun gaji da jira! Wa ya ɗauke shi aiki? Ko sannu babu mai ce masa. In abu ya tafi daidai, ƙwarewarsu ce. In ya karkace, a nemo wancan mutumin. Shi kuwa sai ya haɗiye, ya zauna a teburin cin abinci bayan ya dawo daga aiki, ya ture kwanukan yara gefe, ya gyara musu. Har da Yaya ta roƙe shi ya gina wa ɗakin gwajinta shafi, cewa ya yi ta ɗan ba shi lokaci. Ta ba shi har ta gaji.

Don a lokacin Yaya ta buɗe nata wurin, ɗakuna uku a bayan wani kantin magani: wurin jira mai benci biyu, ɗakin ɗibar jini mai labule, da na ciki inda firiji da na'urori suke. Abin da ya sa ta nemi shafi ba gayu ba ne. Ta lura mutane suna jin nauyin zuwa karɓar sakamako a gaban layi. Mace ta zo gwajin da ba ta son maƙwabciyarta ta sani, namiji ya zo da ciwon da ba ya iya faɗin sunansa da ƙarfi. Ta ce gara kowa ya duba nasa a wayarsa, shi kaɗai a ɗakinsa. Sana'ar Yaya rabinta allura ce, rabinta kame baki, kuma da rabin na biyun ta yi suna. Da Auta ya ƙi samun lokaci, sai ta bai wa wani ɗan abokin mijinta aikin, wani mai son turare da kowa ke kira Sai Gobe, don ba ka taɓa tambayarsa abu ya ce yau ba. Shi kuma ya gina shafin a kan babbar manhajar nan, wato a kan laburaren Auta.

Wata rana da tsakar rana, Auta yana shan shayi a ofis, saƙo ya shigo daga wata mai binciken tsaro da bai sani ba. Ta ce ta gano ɓaraka. Idan mai aikowa ya faɗi tsawon buƙatarsa ta hanya biyu da suka saɓa, na'urar da ke gaba sai ta yarda da ɗaya, laburaren ya yarda da ɗayar. Abin da ya rage a tsakani sai ya manne a jikin buƙatar mutumin da ke biye, amsar da ya kamata ta koma wa mai ita ta faɗa hannun ɓarawo. Auta ya ajiye kofi ya gwada a kwamfutarsa. Abin ya yi aiki a karon farko. Ya zauna yana kallon allo, shayin ya huce a gabansa.

Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida. In an gano ɓaraka, a yi shiru. A gyara a ɓoye, a sa rana, ran da ta cika a fitar da facin, wato gyaran da zai toshe ɓarakar, tare da sanarwa, kowa ya ji lokaci ɗaya. Dalilin a fili yake: in maganar ta fita kafin faci, masu kutse za su riga masu gyara. Auta ya yarda da ƙa'idar nan har zuciyarsa. Shi da kansa ya sha wanke wasu tas don sun yi sakin baki. Saboda haka da kwamitin tsaro na babbar manhajar suka kira taro ta bidiyo suka ce kowa ya yi alkawari, shi ya fara yi.

Sai da ya gama alkawarin sannan shugaban kwamitin, wani mai magana a hankali kamar ba ya son tada ƙura, ya ƙara da cewa kamar yadda aka saba, manyan masu amfani za su karɓi facin tun da wuri. Bankuna, kamfanonin waya, manyan kantuna. Su suna buƙatar lokacin shiri.

Auta ya ce, "Ƙananan fa?"

"Su jira ranar."

"Ni na rubuta facin nan. Yayata tana da ɗakin gwaji, sakamakon marasa lafiya ne a shafinta. Ita ba zan gaya mata ba, amma mai sayar da takalma a ƙasashe goma za a gaya masa?"

Shugaban ya gyara zama ya ce, "Kowa yana da 'yar'uwa. In kowa ya gaya wa tasa, babu sauran shiru."

Abin da ya fi ƙona wa Auta rai shi ne maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma wace irin gaskiya ce wannan, da take tsayawa a ƙofar talaka ta yi sallama a ƙofar mai bene? Su waɗannan manyan ba su da 'yan'uwa ne? Ma'aikatansu ɗaruruwa za su ga facin, su an yarda da bakinsu. Shi da ya yi aikin da hannunsa, a kan teburin da 'ya'yansa ke zubar da madara, shi ne abin tsoro. Ya kashe bidiyon, ya fita baranda ya tsaya yana huci, har mai shagon kujeru ya ɗaga kai ya tambaye shi ko lafiya.

Ranar Asabar ya kai yara gidan Yaya kamar kullum. Kafin a kawo abinci ya duba shafinta ta wayarsa, yana fatan ko Sai Gobe ya yi amfani da wani abu daban. Ina! Laburarensa ne, tsohon ma, ƙofar a wangale. Aka zuba masa abinci ya yi ta juya cokali.

Yaya ta dube shi ta ce, "Auta, lafiya? Fuskarka kamar wanda aka aiko da mugun labari ya manta gidan."

Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Ya haɗiye ta da ruwa ya ce, "Aiki ne kawai, Yaya."

"Aikin da ba ya ƙarewa. Ci abinci, ka rame."

A hanyar komawa gida dabara ta faɗo masa, kuma wallahi a lokacin ji ya yi babu mai wayonsa a duniya. An ce kada ya faɗa. To ba zai faɗa ba. Amma wa ya ce kada ya yi shara a gidansa? Laburaren nasa ne, yana fitar da sabon zubinsa ga masu amfani da shi duk sanda ya ga dama. Washegari ya zauna ya yi ta gyare-gyaren banza: ya sauya sunayen wasu abubuwa, ya daidaita layuka, ya gyara kurakuran rubutu a bayanai. A tsakiyar wannan tarkacen ya cusa facin, layuka kaɗan, kamar allura a cikin tsumma. Sannan ya zo wurin da ake rubuta abin da ya canza. Don kada kwamiti su farga, ya rubuta: 'Yan gyare-gyare da share-share, babu wani abin gaggawa. Ya fitar. Alkawari yana nan bai karye ba, Yaya kuma za ta tsira. Saura kawai Sai Gobe ya sabunta shafin, aikin da bai fi a sha kofin shayi ba.

Ya kira shi. "Don Allah ka sabunta shafin Yaya yau. Na fitar da sabon zubi."

"To, bari in duba." Aka ji ƙarar madannan kwamfuta. Sai Sai Gobe ya yi dariya. "Haba babban yaya, ga shi nan kai da kanka ka rubuta babu gaggawa."

"Na sani. Ka dai yi."

"Akwai matsala ne?"

Auta ya cije leɓe. "Babu."

"To ai shi ke nan. Gobe in sha Allahu."

Ya kira washegari, gobe. Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Ransa ya kai maƙura, ya tura masa saƙo cewa in ba zai yi ba ya ba shi makullan shafin ya yi da kansa. Nan fa ya taɓo inda ba a taɓawa. Sai Gobe ya kwashi ƙafa har ɗakin gwaji, ya ce wa Yaya ƙaninta yana neman ƙwace masa aiki ta bayan gida. Da yamma Yaya ta kira.

"Auta, me ya haɗa ka da yaron nan? Lokacin da na roƙe ka ka yi min, ba ka da lokaci. Yanzu wani ya yi, ka zo kana masa iyayi. Shafin yana aiki ko ba ya aiki?"

"Yana aiki, Yaya, amma…"

"Amma me?"

Ta jira shi, don Yaya ta iya jira. Da ta ji shirun ya yi yawa ta ce, "To ka ƙyale shi ya ci abincinsa," ta kashe.

Abin da Auta ya sani sarai, amma wayo ya rufe masa ido, shi ne mutanen kirki bayanin sama suke karantawa, ɓarayi kuwa aikin suke karantawa. Mutumin kirki yana da shago, yana da yara, ya ga an ce babu gaggawa sai ya wuce. Mai kutse ba shi da wani aiki sai wannan. Yana da na'urar da ke jera tsohon zubi da sabo, layi da layi, ta nuna masa duk inda aka taɓa. Ya ga an sauya suna, ya wuce. Ya ga an gyara rubutu, ya wuce. Ya ga an taɓa wurin auna tsawon buƙata, a cikin zubin da aka ce shara ce kawai, sai ya gyara zama. Auta bai ɓoye ɓarakar ba, nuna musu ita ya yi da yatsa, su kaɗai, ya kuma ce wa kowa ya koma barci.

Mako bai zagayo ba mai binciken nan ta rubuto masa kalma uku: Me ka yi? Kwamiti suka fitar da sanarwa a gurguje, shugaban mai sanyin murya ya nuna ashe ya iya ɗaga ta. Manyan kamfanoni ko a jikinsu, su sun daɗe da liƙe tasu ƙofar. Ƙananan ne aka bi ɗaya bayan ɗaya: makarantu, ƙananan asibitoci, ƙungiyoyin unguwa, duk masu irin su Sai Gobe a bayansu.

Da safe matarsa ta miƙo masa waya, fuskarta ta canza. Mijin Yaya ne. Ya ce wa Auta ya taho ɗakin gwaji yanzu.

Tun daga bakin kantin magani ya jiyo hayaniya. Wurin jiran ya cika, har waje. Mutane sun wayi gari da saƙo a wayoyinsu, kowa da sunansa da sakamakon gwajinsa, da barazanar ko ya biya ko a tura wa duk wanda ya sani. Wani direba yana buga benci da tafin hannu yana cewa sai ya ga bayan wurin nan. Wani dattijo ya riƙe wayarsa nesa da jikinsa kamar za ta cije shi. Yaya tana tsaye a bakin labule cikin farar rigarta, tana ba da haƙuri da muryar da Auta bai taɓa jin ta da ita ba. Amma ba masu ihun ne suka karya ta ba. Wata mata ce a ƙarshen benci, da jaka a cinya, ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Ta bari sai da aka ɗan lafa, sannan ta ce, "Ko mijina ban gaya wa ba tukuna. Ke kaɗai kika sani. Shi ya sa na tsallake wurare uku na zo wurinki."



Auta ya kira Sai Gobe, yau kam bugu ɗaya ya ɗauka. Ya daka masa tsawa ya ce ya rufe shafin. Kafin ya sauke wayar daga kunne an rufe. Abin bai ɗauki komai ba.

Da mijin Yaya ya samu ya lallashi mutane suka ragu, ta shiga ɗakin ciki ta zauna kusa da firiji. Auta ya bi ta. Yana iya yin shiru, don babu wanda zai taɓa haɗa shi da abin. Tana ma cewa, "Yaron nan ya cuce ni, kai ka yi ta gaya masa." Amma bai iya ba. Ya tsaya a jikin ƙofa ya kwashe komai ya faɗa mata: mai binciken, taron, alkawarin, manyan da aka gaya wa, facin da ya cusa a shara, da abin da ya rubuta a sama. Yana faɗa yana zafi, yana zagin kwamiti, yana zagin kamfanoni, yana zagin Sai Gobe da turarensa. Ta bar shi har ya ƙare.

Ta ce, "Ranar da ka zo gidana na zuba maka abinci, ka sani?"

"Na sani."

"Na tambaye ka lafiya."

"Yaya, alkawari na yi. In maganar ta fita…"

"Ni za ka koya wa riƙe magana?" Ta miƙe. "Ni? Abin da na sani a kan mutanen garin nan, da ina buɗe baki da gidaje nawa suka watse? Mijina da muke kwana ɗaki ɗaya bai taɓa jin sunan mutum ɗaya daga bakina ba. Amma bar wannan. Riƙe alkawarinka, ban ce ka karya ba. Da ka ce min, Yaya, rufe shafin nan na ɗan lokaci, kada ki tambaye ni dalili. Zan tambaye ka?"

Auta ya tsaya yana kallonta.

"Ina tambayarka. Zan tambaye ka?"

"A'a."

"Ga na'urar buga takarda can. Ga ambulan cike da durowa. Shekara nawa ina miƙa wa mutane sakamako hannu da hannu kafin a san wani shafi? Da na liƙa sanarwa a ƙofa na ce ana gyara, kowa ya zo ya karɓi nasa. Shi ke nan fa, Allah na tuba. Shi ke nan."

Kuma wallahi bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ko sau ɗaya. Duk kwanakin nan da ya yi yana juyi, yana ƙulla dabara yana kwancewa, bai taɓa tunanin a kashe abin ba kawai. Don a sana'arsu kashe shafi abin kunya ne. Da tsawon lokacin da shafi ya yi bai mutu ba suke alfahari, shi suke nuna wa juna, a kansa ake yabon mutum ko a raina shi. An koya masa hanya ɗari ta gyara abu yana tafiya, ba a koya masa cewa ana iya tsayar da shi ba. Ya yi fushi da kwamiti, ya yi fushi da masu benaye, kuma duk sun cancanta. Amma wannan kam babu kwamitin da ya hana shi. Jimla ɗaya ce, a kan teburin cin abinci, ga matar da ta goya shi.

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Zan gyara shafin da kaina, zan…"

Ta ɗauki ambulan guda daga durowa, ta gyara wuyan farar rigarta. Matar nan mai jaka tana nan a benci ba ta tafi ba, ana hango ƙafafunta ta ƙasan labule. Auta yana tsaye ya tare ƙofa bai ma sani ba.

Yaya ta ce, "Malam, ba ni hanya. Akwai mai jirana."